Faran ɗin Faransa a takardar bashi ta 1992: nawa ke nan a sefa yau?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ana shirin rabon gado a nan Damagaram, sai aka tarar da takardar bashi ta 1992 mai cewa ana bin mamacin "3.000 FF". A cikin akwatin kuma akwai takardun kuɗin Faransa na 200 guda huɗu, masu hoton Eiffel, da na Jamus na 100 guda ɗaya. Nawa za a biya mai bashin a sefa? Su kuma takardun, akwai inda ake canza su?

Malam na Zengo:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mamaci. Lissafin yau ba shi da wuya: faran ɗaya na Faransa tamma 100 ne ta sefa, wato dala 20. Ka ƙara sifiri biyu kawai, 3,000 ta zama 300,000, jikka 300 ke nan.

Dalili kuwa, ranar 1 ga Janairun 1999 an ɗaure yuro ɗaya a kan faran 6.55957, aka ɗaure shi kuma a kan sefa 655.957. Lambobi ɗaya ne, ɗigo ne kawai ya gusa. In kana son ka tabbatar, raba 3,000 da 6.55957, za ka samu yuro 457.35, ka ninka da 655.957, ka dawo kan jikka 300.

Amma takardarka ta 1992 ce, a nan gizo ke saƙa. A lokacin faran ɗaya tamma 50 ne, dala 10. Sai ranar 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, ya koma 100. To ranar da aka rubuta takardar, bashin jikka 150 ne, bayan shekara biyu ya zama 300 ba tare da kowa ya ƙara ko dala ba. Saboda haka a fara gano abin da ya shiga hannun mamacin. In faran aka ƙirga masa, kuma da sharaɗin faran zai mayar, 300,000 ce. In sefa aka ba shi, mai rubutu ne kawai ya juya ta zuwa faran, 150,000 ya karɓa. A nemi shaidu in suna raye, sannan a kai wa malamin da ke rabon lambobin biyu, shi ya yanke.

Hajiya mai lissafi:
Malam ya gama magana, sai dai ɗana ka sake duba takardar da idonka, kada ka dogara da wanda ya karanta maka. F nawa ne bayan lambar? In biyu ne, FF, na Faransa ne. In an biyo F ɗin da CFA, to sefarmu ce, bashin jikka 3 ne kacal; F ɗaya tilo kuwa tana iya zama kowanne. Mu ma ai faran muke rubutawa a takarda. Tsakanin jikka 3 da jikka 300 kuwa zumunci na iya lalacewa.

Ɗigon nan na "3.000" kuma na dubbai ne, haka ake rubutu da Faransanci. Waƙafi ne ke raba faran da santim, kamar 3.000,50. In ka buga 3.000 a na'urar lissafi ta waya za ta ɗauke shi uku.

Sai dala. Ranar zama, a faɗi kuɗin da tamma a kuma faɗe shi da dala, a rubuta duka biyun: tamma 300,000, dala 60,000. Dattijon da ya ji "dubu ɗari uku" da kunnen kasuwa, miliyan ɗaya da rabi zai lissafa.

Ɗan canji na Kasuwar Dole:
Yallaɓai, kan takardun Eiffel sai haƙuri. Faran ya daina ciniki a Faransa ranar 17 ga Fabrairun 2002. Babban bankinsu ya ci gaba da karɓar tsaba har 17 ga Fabrairun 2005, takardu kuma har 17 ga Fabrairun 2012, daga nan aka rufe ƙofa. A lissafi 800 ɗin nan jikka 80 ce, a hannu kuwa takarda ce kawai. Ba bankin da zai karɓa, har reshen BCEAO, babban bankin da ke buga sefarmu, don ba shi ya buga su ba. Kada a sa su cikin jimillar gado a kan 80,000, za a cuci wanda suka faɗo a rabonsa. Masu tara tsofaffin kuɗi kan saya, amma sabuwa fil suke so, wadda ba ta da lanƙwasa ko hujin allura, kuma wadda ta sha hannu ba ta wani tsada.

Ta Jamus ɗin ita ce mai rai. Babban bankin Jamus, Bundesbank, yana canza mak har yau, bai sa wa'adi ba, kuma ba ya cire komai. Mak 1.95583 ne yuro ɗaya, don haka mak 100 yuro 51.13 ne, kusan sefa 33,500. Sai dai a can Jamus ake yi, a reshensu ko ta gidan waya zuwa reshen Mainz. A ba wani amintacce mai tafiya. Sai a duba rubutun jikinta tukuna: in Deutsche Mark ce ta Yamma, shi ke nan. Mak ɗin tsohuwar Jamus ta Gabas ba a karɓarsa.

Malam na Zengo:
Ƙari kaɗan, tunda na san wani zai ce a duba intanet. Alamar faran ɗin Faransa FRF ce, tamu XOF. XAF ta su Chadi da Kamaru ce, darajarsu ɗaya da tamu amma kuɗin daban. Kuma duk abin da shafin ya ba ka farashin bayan 1994 ne, bai san takardarka ta 1992 ba ce.

Kada kuma a bi ta farashin bakin kasuwa. Wanda ya juya bashin zuwa yuro sannan ya ninka da 650 zai samu kusan 297,300, mai bashi ya yi asarar wajen jikka 2 da dala 140 a banza.

Ɗan Birni:
Na sake dubawa, Hajiya, FF ce sarai, har an rubuta Marseille a ƙasan sa hannun. Ɗaya daga cikin shaidun yana nan da rai a Mirriya, gobe in sha Allahu za a je a tambaye shi ko faran aka ƙirga. Allah ya saka da alheri.