Ina wutar take ɓacewa a kan layin 330kV?

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa. Ni ɗalibin injiniyan lantarki ne, akwai lissafin da ya tsaya mini a wuya, don Allah ku warware mini.

An ba mu misalin layi irin na Shiroro zuwa Kaduna, mai bolti 330,000. A ce an tura megawat 100, turjiyar wayar kuma om 10 ce, mun ɗauke shi layi guda don sauƙi. Na raba wat ɗin da boltin, na samu ampiya 303, wato yawan lantarkin da ke gudana a wayar. Da I²R (I ampiya ce, R turjiya) asarar ta kama kusan megawat 0.9. Da na sauke boltin zuwa 132,000, ampiya ta zama 758, asarar ta haura megawat 5.7. Nan babu gardama.

Amma da na yi amfani da V²/R (V bolti ne, na sa 330,000) don lissafin asarar, sai ga megawat 10,890, fiye da ninki ɗari na abin da aka tura! Makamashi kuwa ba a ƙirƙirarsa, ba a hallaka shi. To wane V ake nufi a nan, na layin gaba ɗaya ko bambancin da ke tsakanin bakin wayar biyu?

Abin da ya fi damuna shi ne, ampiyar da ta shiga wayar ita ce ke fita a ɗaya bakin. In ba ta ragu ba, mene ne ya ragu har wayar ta yi zafi? Kuma dokar adana makamashi tana hawa kan wat kai tsaye, ko sai an ninka shi da lokaci ya koma jul, ma'aunin makamashi?