Kaset ɗin bidiyon Baba ya yi fumfuna, ku taimaka mini

Assalamu alaikum jama'a. Ina Aboabo a Kumasi. Muna gyaran ɗakin Baba, Allah ya jiƙansa, sai na tsinci kaset ɗin VHS ƙirar E-180, mai cin awa 3. A kai ya naɗi wasan da Gana ta ci Jamhuriyar Cek 2-0 a gasar cin kofin duniya ta 2006. Bayan wasan kuma akwai walimar saukar karatuna, inda yake sa mini albarka. Muryarsa nake nema, wallahi, ba mu da ita a ko'ina.

Laimar damina ta shige shi, wani farin abu kamar gari ya kwanta a gefen zaren. Na sa shi a tsohon injinmu, hoto ya fito da layi-layi yana rawa, can injin ya tauna zaren. Na goge kan injin, wato abin da ke karanta zaren, da sifirit, bai canza ba, na tsorata na daina.

Yaya ake share fumfunar ba tare da zaren ya lalace ba? Inda ya tamuke, yankewa ake yi a haɗa? Wa ya san mai juya kaset zuwa filashi a Kumasi ko Akra?