Ina neman shawara kan koya wa Basine Turancin yau da kullum

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman malaman da suka saba koyar da harshe.

Ina harkar kasuwanci a Guangzhou, a unguwar Xiaobei. Akwai wani Basine, mutumin kirki, da ke taimaka mini wajen ɗaure kaya da tura su gida. Ya roƙe ni in koya masa Turancin ciniki, ni kuma na amsa. Yau wata huɗu ke nan muna zama bayan Magariba.

Haddar kalmomi ba ta ba shi wahala, yakan riƙe ashirin a dare ɗaya. Amma da ya buɗe baki sai su cakuɗe. Yakan kira matarsa da "he", domin a Sinancin baka "ta" ake cewa, ko namiji ko mace. Yakan ce "open the light", saboda kalmarsu "kai" ita ce buɗewa, ita ce kuma kunnawa. Wadda ta fi damuna ita ce "borrow" da "lend". Su kalma ɗaya ce, "jie", kusan kamar aro a wurinmu. A ciniki kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne, sai mai bin bashi ya koma wanda ake bi.

Na rubuta masa jimloli, ya maimaita, washegari mu koma gidan jiya. Har ya fara jin nauyin yin magana gaban baƙi, abin yana taɓa ni ƙwarai.

Don Allah, in riƙa gyara masa nan take ne, ko in bari sai ya gama magana? Wanda ya taɓa koyar da Basine, wace dabara ta yi masa aiki?