Bakwit zai iya rufe min ƙasa a lambu a nan Kano?

Mai Lambun Ɗorayi:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da ɗan lambu a Ɗorayi, filin gado ne da ba mu gina ba, na katange shi, akwai rijiya a ciki. Latas, kabeji, tumatir da alayyafo nake yi. Matsalata ita ce kangon da nake bari tsakanin shuka da shuka. Da na kwashe latas, kafin in shirya wani dashen, fasa-ƙaba da aya-aya sun mamaye wurin. Ga ƙasar kuma rairayi ce, ka ba ta ruwa da safe, kafin azahar ta bushe ƙayau.

Ƙanina da ke karatu a Rasha ya zo hutu da ƙullin wani hatsi, bakwit, mai kusurwa uku, launin ƙasa-ƙasa. Ya ce abincin yau da kullum ne a can, kuma manoma na shuka shi ba don girbi kaɗai ba, sai don ya rufe ƙasa ya danne ciyawa, daga baya a sare shi a bar shi ya ruɓe a wurin. To ni wannan na biyun ne ya ja hankalina. Akwai wanda ya taɓa shuka shi a nan? Zai jure ranar Kano? Wane lokaci ya dace?

Baba na Kwakwaci:

Wa alaikumus salam. Yaro, tun ina ɗan saurayi nake lambu a bakin Jakara, ban taɓa ganin wannan abu a kangon kowa ba. Mu in ba ma son ƙasa ta zauna tsirara, wake muke watsawa. Kanannado in ya yaɗu, ko ƙasar ba ka gani. Ka ci waken, ka ɗaure harawa, masu kiwo a cikin gari su biyo ka har gida da kuɗinsu, musamman in layya ta gabato. Shi wannan naka wa zai saya?

Malama Mai Ritaya:

Baba, Allah ya ƙara lafiya, maganarku tana kan hanya, zan dawo kanta. Amma bari in fara da ƙullin da ke hannun ɗan'uwanmu, don kada ya yi wahalar banza.

Malam, wanda ake sayarwa a shagunan Rasha don dafawa an ɓare shi, kuma galibi an soya shi sama-sama, shi ya sa ya yi wannan launi. Ba zai tsiro ba. Irin shuka yana cikin ɓawonsa, baƙi-baƙi ne mai tauri. Kafin komai ka ɗebi ƙwara ashirin ka nannaɗe a jiƙaƙƙen tsumma ka ajiye a inuwa. Mai rai cikin kwana uku zuwa biyar zai fito da saiwa. In mako ya wuce shiru, ka miƙa wa uwargida ta dafa muku, ba asara. In kuma za a shigo maka da irin gaske daga waje, ka sani iri ba a shigo da shi sai da izinin hukumar killace tsirrai da dabbobi, kada ka sa yaron mutane cikin rigima a filin jirgi.

Abin da ya sa ake yabonsa sauri ne. Ganyensa faffaɗa ne, cikin mako biyu zuwa uku ya yi rumfa, ƙananan ciyayi su rasa rana. Wajen kwana 30 zuwa 40 ya fara fure. Saiwarsa kuma tana iya zaƙulo sinadarin fosfaras da ya maƙale a ƙasa, in ya ruɓe abin da ka dasa bayansa ya amfana. Karansa ruwa-ruwa ne, fartanya na taɓa shi yake faɗuwa, ya ruɓe da wuri. Kuma ba dangin tumatir ba ne, ba dangin kabeji ba, saboda haka yana raba tsakanin shukokinka. Duk wannan gaskiya ne.

To amma tsiron ƙasashen sanyi ne, manyan masu nomansa Rasha da Sin. Yana jin daɗi in zafi bai wuce digiri 25 ba. Da ya haura 30 da ɗoriya furen ya fara ƙonewa, ganyen ya langaɓe da rana tsaka ko da akwai danshi a gindinsa, don saiwar ba ta yin nisa. Ka duba Maris zuwa Mayu a garin nan, ana taɓa 40, kuma a kan rairayinka. Ka shuka shi a lokacin, za ka yi ta jan guga kana shayar da abin da ba zai rufe ko rabin kangon ba. A tsakiyar damina ma ba ya son ruwa ya kwanta a gindinsa, kodayake ƙasa mai tsotse ruwa irin taka tana rage wannan.

Lokacinsa a nan shi ne lokacin alkama, daga tsakiyar Nuwamba, sanda mutanen Kadawa da Kura ke shuka tasu, zuwa ƙarshen Janairu. Nan ne gizo ke saƙar. Wannan hunturun shi ne lokacin da latas da kabejinka suka fi kyau, kowane taku na lambun kuɗi ne. Wa zai ba ciyawar rufe ƙasa kango shida a Disamba? Lokacin da ƙasarka ke zama a banza, wato bazara da farkon damina, shi ne lokacin da bakwit ba ya iyawa. A can Turai abin ya dace da su ne saboda gajeren lokacin ɗuminsu bai kai zafin namu ba.

Shi ya sa na ce Baba ya yi gaskiya. Wake yana son zafi, yana jure ƙishi, kuma yana yin abin da bakwit ba ya yi sam: ƙara wa ƙasa naitirojin, sinadarin takin da ke sa ganye kore. Ka tuge gindi ɗaya in ya kai wata guda, ka duba ƙananan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar, ka fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, aiki yake yi maka kyauta. Gyara ɗaya zan yi wa maganar Baba, da neman afuwa: in ka kwashe harawar kaf ka sayar, yawancin amfanin ya bi ta zuwa turken wani. Ko dai ka bar rabi a kan ƙasar, ko ka karɓo takin awakin ka mayar. Sannan wasu irin wake suna riƙe tsutsar nan da ke sa saiwar tumatir kumburi, kuma rairayi ne gidanta, don haka kangon da za ka dasa tumatir a kula.

Aya-aya kuwa, kada kowa ya ruɗe ka. 'Ya'yanta suna can ƙarƙashi, inuwa tana rage mata ƙarfi ne kawai. Sai an tona an tsince.

Mai Zuma daga Hotoro:

Ni ta ɓangarena nake so ka gwada. Furensa fari ne ƙanana, ƙudan zuma na rububinsa da safe, zumarsa baƙa ce mai ƙarfin ƙamshi. Ba zuma kaɗai ba, yana jawo ƙananan ƙwarin da ke cin ƙwarin da ke tsotse kabeji. Layi ɗaya a gefen katanga ya isa. Amma ka kiyaye awaki da tumaki, masu farin jiki in suka ci shi da yawa suka shiga rana, fatarsu na yin ja da ƙaiƙayi.

Mai Lambun Ɗorayi:

Na gode ƙwarai. Baba, kanannado zan nema a Dawanau kafin ruwa ya sauka. Malama, in Allah ya sa na samu mai ɓawon, kango biyu na jikin katanga zan ba shi a Nuwamba, daman inuwar katangar na hana latas kyau a wurin. Nawa zan zuba, kuma yaushe zan sare?

Malama Mai Ritaya:

Kimanin giram 6 zuwa 7 a kowace murabba'in mita, ka ɗan ƙara in watsawa za ka yi. Zurfin gaɓar yatsa ɗaya, ka rufe, ka ba da ruwa. Kada ka sa masa taki, ragowar na latas ya ishe shi. In inuwar katangar ta wuce rabin yini, zai yi tsawo ya yi siriri ya kwanta, sai ka matsar da shi.

Sara kuwa, cikin mako guda zuwa kwana goma bayan furen farko ya buɗe. Mai Zuma zai so ka ƙara masa lokaci, amma in ƙwayar ta fara yin duhu ta zube, za ka yi ta cire shi a cikin kabejinka. Ka bar taku biyu a ƙarshen kangon su nuna, wajen mako goma zuwa sha biyu daga ranar shuka, ka samu irin baɗi. Sauran ka sare ka shimfiɗa a wurin, ka jira kamar mako biyu kafin ka yi dashe.