Waɗanda suka daɗe a ƙasar waje: me ya yi muku daɗi, me ya ƙona muku rai?

Ɗan Unguwar Rogo:

Assalamu alaikum jama'a. Ina koyarwa a wata babbar makaranta a nan Jos, kuma Allah Ya ba ni gurbin karatun digiri na uku a Malesiya, wajen Serdang. Takardu sun kusa kammala. Kowa sai murna yake taya ni, ni kuwa barci ya ƙaurace wa idona. Hajiyarmu ta manyanta, ga hawan jini, kuma ni ne babba a ɗakinmu. Ni ke kai ta asibiti, ni ke karɓo mata magani. Ga maiɗakina da yara biyu, babban ma bai shiga firamare ba. Karatun nan kuwa na shekaru ne.

Duk wanda na tuntuɓa sai ya buɗe waya ya nuna min dogayen benaye da tituna fes. Ba shi nake nema ba. Ina son wanda ya zauna a waje ya daɗe, ya dawo gida, ya faɗa min tsakaninsa da Allah abin da ya fi yi masa daɗi da abin da har yau yake ci masa rai. Sannan in tafi da iyalina ne, ko in bar su wajen Hajiya?

Ɗan Bukur:

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah Ya sanya alheri. A Kajang na zauna, tsakaninta da Serdang ba nisa. Na tafi kafin korona, ban dawo ba sai bayanta.

Ta fannin addini ba za ka sha wahala ba ko kaɗan. Manyan kantuna, gidajen mai, wuraren hutawa a kan manyan hanyoyi, duk akwai ɗakin salla da wurin alwala mai ruwa. Abinci kuma akwai tambarin halal na hukuma, ba sai ka yi ta tambaya ba. Azuminsu kusan awa 13 ne da 'yan mintoci duk shekara, don ƙasar tana tsakiyar duniya. Da la'asar a watan azumi sai a kafa rumfunan abinci a kowace unguwa, masallatai kuma su yi ta rabon wani faten shinkafa mai nama da kayan ƙamshi, bubur lambuk, kyauta ga duk wanda ya miƙa hannu. Ƙaramar Sallata ta farko ni kaɗai na yi ta, na dawo daga Idi na zauna a ɗaki raina a jagule. Sai ga maƙwabcina, wani dattijo ɗan ƙabilar Malay ta ƙasar da ya yi ritaya, ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce ba a zama a ɗaki ranar Salla. Ya ja hannuna har falonsa, aka ajiye min shinkafar da aka dafa a cikin gora da naman da ya sha madarar kwakwa har ya yi baƙi, jikokinsa suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna kama hannuna suna kaiwa goshinsu. Har na baro ƙasar, mutumin nan bai taɓa yin Salla bai kira ni ba.

Aiki kuma yana tafiya. Kai da ka san abin da wutar lantarki ke yi mana a ɗakin bincike, ka yi tunanin ka saka samfuri a firji, ka dawo bayan wata guda ka tarar da shi lafiya lau. Mujallar da a nan sai ka roƙi wani ya turo maka, can daga kwamfutarka za ka buɗe ta. Abin da na koya a zaman nan da shi nake cin abinci yau, da shi nake koyar da ɗalibaina.

To ga ɗacin. Mu 'yan Jos da muka saba da bargo da rigar sanyi, zafin can sai ya gigita mu. Babu hunturu, babu bazara irin tamu, gumi ne da ruwan sama mai tsawa da rana tsaka, shekara ta zagayo a haka. A 2019 hayaƙin gobarar dazukan Indunusiya ya rufe gari har aka rufe makarantu. Wannan duk jiki yana sabawa. Abin da ban saba da shi ba shi ne neman gidan haya. Ku yi magana da mai gida a waya, ku daidaita farashi, da ya ji Najeriya sai ya ce an riga an kama. Wasu 'yan ƙasarmu masu damfara da safarar ƙwaya ne suka ɓata mana suna, kai kuma da ka je da littafi a hannu kai za ka biya bashin. Yana da ciwo, ban ɓoye maka ba.

Sai kuɗi. Idan da naira aka lissafa maka tallafinka, ka yi hattara. A 2015 dala tana wajen naira 197 a farashin gwamnati, a 2016 ta haura 300. Bayan da aka saki naira kasuwa ta yanke mata farashi a Yunin 2023, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta wuce naira 1,500. Kuɗin da aka ce zai ishe ka shekara sai ya ƙare a rabin hanya, kuma ɗalibi baƙo ba shi da izinin aiki sai lokacin hutu, shi ma da izini kuma awa 20 a mako. Takardar zama kuwa duk shekara ake sabunta ta.

Amma duk waɗannan ƙanana ne. Babana ya rasu a cikin azumin 2020. Malesiya ta hana fita tun 18 ga Maris, Najeriya ta rufe filayen jiragen sama na ƙasa da ƙasa ranar 23 ga watan, ba a buɗe ba sai 5 ga Satumba. Suna gabanmu da awa 7, don haka ƙarfe uku na dare wayata ta yi ƙara, a gida an idar da isha'i ke nan. Ina ganin sunan ƙanena gabana ya faɗi. Washegari da safe aka kai shi makwancinsa, ni ina zaune a bakin gado da waya a kunne, ina jin kabbarar liman daga Bukur. Masallatai a rufe, ko mutum biyar ban samu ba da za mu tsaya mu yi masa salla, sai ni kaɗai a falo. Ina gaya maka wannan ne don ka ambaci Hajiya. Ko babu korona, babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga can zuwa Najeriya, sai ka bi ta Doha ko Addis Ababa ko Dubai, ka sauka Abuja, sannan ka kamo hanyar Akwanga. Mu kuma ba ma jinkirta jana'iza. Allah Ya ja kwananta, amma ka tafi da sanin cewa idan ta Allah ta kasance, da wuya ka iske.

Duk da haka ni dai na ce ka tafi, in dai Hajiya ta amince da zuciya ɗaya. Ka zauna da ita ku biyu, ka nemi gafararta da albarkarta. Ka tara ƙannenka ka raba musu aiki da baki: wane ne mai asibiti, wane ne mai magani, wane ne mai cefane. Kada ka bar shi a kan "za mu kula". Kuma kuɗin tikitin dawowa gida ka ware shi daban, kada ka taɓa shi ko da yunwa.

Dawowar ma da nata. 'Ya'yan ƙannena da aka haifa ba na nan suka riƙa ɓuya a bayan uwayensu, na zama kamar baƙo a gidan ubana. Ga masu jiran tsaraba da suke zaton buhun kuɗi na kwaso. Sai da na daɗe ina zuwa biki da suna da gaisuwar mutuwa kafin aka sake lissafa ni a cikin dangi.

'Yar Rikkos:

Yaya, Allah Ya sa a je a sa'a. Ni a Khartoum na yi karatu, kuma har gobe ban ga masu karamci irin mutanen Sudan ba. Da azumi maza suke fito da tabarmi da tire-tire bakin titi, su tare mota su ce sai kowa ya sauko ya sha ruwa, ga ful ga asida ga abin shansu hilu-mur mai sanyi. Na taɓa zuwa Mai Wurno kusa da Sennar, garin zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. A Sudan ma na haɗu da tsofaffin da ba su taɓa taka Najeriya ba amma muka yi hira da Hausa, wata har ta riƙe hannuna tana tambayata ko har yanzu ana yin fura a gida.

Sai ranar 15 ga Afrilun 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, muka tashi da ƙarar bindigogi da jiragen yaƙi. Ruwa ya ɗauke, wuta ta ɗauke, banki a rufe. A ƙarƙashin gado muka yi Salla. Daga baya aka kwashe mu a manyan motoci zuwa iyakar Masar, muka yi kwanaki a sahara muna jiran a buɗe mana, sannan jirgi daga Aswan zuwa Abuja a farkon Mayu. Da jaka ɗaya na fito. Na san Malesiya ƙasa ce mai zaman lafiya, amma mu ma ba mu taɓa kawo haka a ranmu ba. Don haka fasfo ɗinka, sakamakon kowane zango, da duk abin da ka rubuta na bincike, ka riƙa ɗaukar hotonsu kana tura wa imel ɗinka da wani amintacce a gida. Ƙawayena da yawa sun sha wahalar neman canjin makaranta saboda ba su da takarda ko ɗaya a hannu.

Uwar Biyu:

Malam, ku maza kuna ta ba da labarin wanda ya tafi, bari in ba da na wadda aka bari. Maigidana ya yi shekaru a waje, ni ina Gangare da yara da surukata. Ni ce asibiti, ni ce makarantar yara, ni ce Farin Gada sayen kayan miya, in dokar hana fita ta kama mu kuma ni ce mai lallashin kowa. Surukata mutuniyar kirki ce, Allah Ya jiƙanta, amma zaman suruka ba miji a gari ba ƙaramin abu ba ne. Ƙaramin ɗanmu a waya ya san babansa, ranar da ya dawo yaron kuka ya yi ta yi ya ƙi zuwa wajensa.

Abin da ya ba ni mamaki a tambayarka, mu ka tambaya ko ka tafi da ita. Ita ka tambaye ta? Kada ka ɗauka cewa don ta yi shiru ta yarda ta zama mai jinyar Hajiya. Wataƙila tana so, ta samu lada. Wataƙila kuma kunya ce ta rufe mata baki. Ka zaunar da ita ka ji.

Ɗan Unguwar Rogo:

Na gode ƙwarai. Yaya, Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Ƙanwata, Allah Ya kawo wa Sudan zaman lafiya. Anti, maganarki ta shige ni, yau da dare in sha Allah za mu zauna da ita. Yaya, kai da iyalinka ka tafi? Kuma yaya batun makarantar yara?

Ɗan Bukur:

Amin, na gode. Ni kaɗai na fara tafiya, sai da na samu gida na gane gari sannan suka biyo ni, kuma shi nake ba ka shawara idan ita ta zaɓi zuwa. Ɗalibin digiri na uku yana iya nema wa iyalinsa takardar zama, sai dai ita ba za ta yi aiki da ita ba, don haka bakin mutum huɗu a kan tallafinka zai hau. Makarantun kuɗi na 'ya'yan baƙi suna da tsada sosai. Tunda naka ƙanana ne, za ka samu sauƙi a shekarun farko, akwai makarantun rainon yara na unguwa masu koyar da Alƙur'ani da araha. Ka yi lissafin tun daga nan da ringit, kuɗin Malesiya, kada ka yi da naira.

Ku yi allurar rigakafin zazzaɓin shawara ku duka, ku riƙe katin a jakar hannu, don ana neman sa ga wanda ya fito daga Najeriya. Kuɓewa ɗanya da alayyafo da barkono duk akwai a kasuwanninsu. Kuka da daddawa da yaji dai ku ƙulla daga gida, a naɗe daddawar da leda ninki biyu kafin a sa ta cikin kaya.