Daftarin da marigayi ya bari kan harajin dijital: mu kammala ko mu fitar yadda yake?

Mai_Alƙaluma: Assalamu alaikum. Abokin aikinmu da ya rasu, Allah ya jiƙansa, ya bar daftarin maƙala. Yana kwatanta abin da ƙasashe masu tasowa za su samu daga Ginshiƙi na Ɗaya na OECD (shirin ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OECD na raba haƙƙin karɓar haraji kan ribar manyan kamfanonin duniya tsakanin ƙasashe) da abin da suke samu idan kowace ta sa nata harajin kan hidimomin dijital. Jadawalai sun kammala, sashen ƙarshe ne kawai babu, kuma rubutun ya tsaya a 2023. Iyalinsa sun riga sun ba mu izini a rubuce. Mu ƙarasa mu kai mujalla da sunansa, ko mu ajiye shi a matsayin takardar aiki, wato wadda ba ta bi ta bitar mujalla ba, ba tare da mun taɓa lissafinsa ba?

Tsohon_Edita: Allah ya gafarta masa. Kafin komai ku nemi izinin magada, don haƙƙin mallakar rubutun ya koma hannunsu. Sai a sa alama a gefen sunansa, a rubuta ranar rasuwa a ƙasan shafin farko. Wanda zai riƙa musayar wasiƙa da mujalla dole ya zama mai rai.

Mai_Alƙaluma: Malam, izinin yana hannu, na faɗa a sama.

Dakta_Haraji: Amin ya Allah. Mai_Alƙaluma, matsalarku ba sashen ƙarshe ba ce, jadawalan ne. Lissafin 2023 an gina shi kan sanarwar OECD ta Oktoba 2021: kamfanin da cinikinsa ya haura yuro biliyan 20, ribarsa ta wuce kashi 10 na cinikin, a ɗauki kashi 25 na ribar da ta haura ɗin a raba wa ƙasashen da ake cin kasuwa. An fitar da rubutun yarjejeniyar a Oktoba 2023, ba a sa hannu ba. A ɓangaren harajin dijital na ƙasashe ma abubuwa sun canza. Indiya ta cire harajinta na kashi 2 a Agusta 2024, na kashi 6 ya bi a Afrilu 2025. Kenya ta maye gurbin nata na kashi 1.5 a ƙarshen 2024. Kanada ta janye nata a Yuni 2025. Idan kuka gyara duk wannan, maƙalarku ce ta fito, kuka jingina masa ra'ayin da bai gani ba. Ku fitar da nasa yadda yake, da gabatarwar shafi ɗaya mai faɗin inda ya tsaya.

Baban_Yara: Ginshiƙin da ba a kafa ba, amma kowa ya gama auna inuwarsa 😄

Ɗaliba_Mai_Bincike: Ku bar maganar mujalla tukuna, ku kwashe fayilolinsa yau. Na ga yadda aka yi da wata malama da ta rasu. Cibiyar da take aiki ta rufe akwatin imel ɗinta da ma'ajiyarta ta intanet ba tare da sanar da kowa ba. Daftari ya tsira don ta taɓa tura shi, amma umarnin manhajar lissafi ta Stata da ya fitar da jadawalan ya tafi, haka jerin kamfanonin da ta tace da hannu. Masu bita suka nemi a sake gudanar da lissafin da wani ma'auni, babu mai iyawa, mujalla ta mayar da takardar. Daga baya jadawalan suka fito a takardar wani, sunanta yana cikin godiya kawai. 'Ya'yanta ba su ma sani ba. Abin yana ci mini rai har yanzu.

Ma'ajiyar_Laburare: Inna lillahi. Ƙanwata, gaskiyarki. A kwafe abu huɗu: daftari, umarnin lissafi, ɗanyen alƙaluma, da wasiƙunsa da abokan rubutu. Amma in daga Orbis, rumbun bayanan kamfanoni, ya ɗauko alƙaluman, lasisi bai yarda a watsa su ba, sai dai a saki umarnin da bayanin yadda aka zaɓi kamfanonin. A sa a Zenodo, ma'ajiyar bincike ta intanet, kyauta ne, kuma suna ba da lambar DOI, wato lambar dindindin ta gano takarda.

Tsohon_Edita: DOI ba kyauta ba ce, Hajiya. Crossref, mai rajistar DOI, na karɓar kuɗin zama memba duk shekara, ƙaramin mataki a da na san shi dala 275, ban da kuɗin kowace maƙala. Mujallar da kowa zai karanta kyauta kuwa tana iya cajin marubuci dala 3,000.

Ma'ajiyar_Laburare: Wannan kuɗin mawallafi ne, Malam. Mai ajiye takarda a Zenodo ba ya biyan ko sisi.

Jami'in_Tantancewa: Da girmamawa, duk ku mutanen jami'a ne. Wanda zai amfana da aikin nan yana hukumar haraji ko a tawagar da ke tattauna yarjejeniyar haraji ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka tsara gamawa a 2027. Shi shafi huɗu yake so, ya ga Sashe na 12B, mai magana kan harajin hidimomin dijital, na samfurin yarjejeniyar haraji na Majalisar gefe da gefe da Ginshiƙi na Ɗaya. Mujalla za ta cinye shekara a bita.

Dakta_Haraji: Ranka ya daɗe, taƙaitawar da babu cikakkiyar takarda a bayanta, wa zai yarda da alƙalumanta a teburin tattaunawa?

Jami'in_Tantancewa: Waɗanne alƙaluma, Dakta? Rahoton riba da haraji na kowace ƙasa da kamfanoni masu cinikin yuro miliyan 750 zuwa sama ke bai wa hukumomin haraji, mai bincike a dunƙule yake ganinsa. Ƙasashe masu tasowa da dama ma ba sa karɓarsa, don sai sun cika sharuɗɗan sirri kafin a yi musayar da su. Shi ya sa marigayin da ire-irensa suke kwana suna ƙiyasi daga rahoton shekara na kamfanoni. Wa ya taɓa samun wannan rahoton a buɗe, ko da an goge sunayen kamfanonin?