Shin hannun jarin Blackbird ya dace da mai ƙaramin jari?

Baban Hafsat ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina zaune a Manchesta, ina aikin jinya, kuma duk wata nakan ware wani abu daga albashina in ajiye. Yanzu da abin ya ɗan taru, wani abokin aikina ya ja hankalina zuwa ga Blackbird, kamfanin nan na Landan mai manhajar tace bidiyo ta intanet, wanda ake cinikin hannun jarinsa a AIM, ɓangaren ƙananan kamfanoni na kasuwar Landan. Hujjarsa ita ce a shekarar 2021 Adobe ya sayi Frame.io, kamfanin manhajar aikin haɗin gwiwa a kan bidiyo, a kan dala biliyan 1.275, Microsoft kuma ya sayi Clipchamp, kamfanin manhajar tace bidiyo ta intanet, a shekarar dai, saboda haka a ganinsa wata rana wani babban kamfani zai zo ya saye wannan ma da tsada. Na duba na ga farashin ya tashi sosai a 2020 da 2021, daga baya ya sauko ƙwarai. Tambayata ga waɗanda suka fi ni sani: wannan saukowar dama ce ta saye da araha, ko kuwa akwai abin da kasuwa ta gani wanda abokina bai gani ba? Kuɗin gumina ne, ba na son in zuba su a kan jin ƙishin-ƙishin.

Alhaji na Lesta ya amsa:

Wa'alaikumus salam, Baban Hafsat. Ina riƙe da ɗan hannun jarin wannan kamfani, don haka ka auna maganata da sanin cewa ina da ɓangare a ciki. Kamfanin ba sabo ba ne. Stephen Streater ne ya kafa shi da sunan Forbidden Technologies, bayan ya kasance cikin waɗanda suka kafa Eidos, wanda daga baya ya yi suna a wasannin kwamfuta. An shigar da shi AIM a shekarar 2000, aka sauya masa suna zuwa Blackbird a 2019, bayan Ian McDonough ya karɓi shugabancinsa a 2017.

Abin da ya sa na saya shi ne fasahar kanta. Bidiyon da gidan talabijin ke ɗauka yana da nauyi matuƙa, kuma a da sai an kwashe shi gaba ɗaya zuwa kwamfuta mai ƙarfi kafin edita ya fara aiki. Wannan kamfani ya ƙirƙiro tasa hanyar matse bidiyo, inda ake yin kwafi marar nauyi wanda edita zai buɗe a burauza, ya yanka, ya haɗa, ya koma baya ko gaba hoto bayan hoto ba tare da tsaiko ba, alhali asalin bidiyon yana can inda aka ajiye shi. Sai an gama ne ake fitar da aikin daga asalin mai inganci. Ka ɗauki wasan ƙwallo da ake nunawa kai tsaye: an jefa ƙwallo a raga, edita yana zaune a gidansa, ya yanko daƙiƙa talatin ɗin nan ya tura kafafen sada zumunta tun 'yan wasa ba su gama murna ba. Saboda irin wannan aiki ne kamfanonin wasanni kamar IMG suka yi amfani da shi, kuma EVS na ƙasar Beljiyam, wanda motocin watsa wasanni a duniya ke cike da na'urorinsa, ya ƙulla yarjejeniyar lasisi da shi. Lokacin kullen korona, da editoci suka kasa zuwa ofis, kowa ya ga amfanin abin, shi ya sa farashin ya tashi. Yanzu kuma Blackbird ya fito da wata manhajar tace bidiyo mai suna elevate.io domin masu yin bidiyo na ƙashin kansu, kuma a nan fatana yake, domin kasuwar waɗannan ta fi ta gidajen talabijin girma nesa ba kusa ba.

Editan Zoo Road ya amsa:

Alhaji, Allah ya ƙara girma, ban musanta ingancin fasahar ba, amma ina so in faɗi abin da nake gani a bakin aiki, tunda ni tace bidiyo ce sana'ata a Kano. Masu yin bidiyo na ƙashin kansu da ka ambata mu ne, kuma tambayar ita ce ko za mu ciro kuɗi duk wata mu biya. Yaron da ke koyon aiki a wurina yana haɗa bidiyon biki a wayarsa da CapCut na kamfanin ByteDance, yana sa rubutu da sauti da duk abin da amarya ke so, bai biya ko sisi ba. Ni kuma babban aiki a DaVinci Resolve nake yinsa, wanda Blackmagic Design ke bayar da nau'insa na kyauta domin su kyamara da na'urori suke sayarwa, manhajar tallar kayansu ce. Waɗanda suka saba da Premiere Pro na Adobe kuwa, shekara da shekaru yatsunsu sun haddace madannansa, ba ƙaramin abu ne zai raba su da shi ba.

Akwai kuma batun ɗora bidiyo. Kafin ka tace abu a intanet sai ka fara tura shi can. Makon da ya wuce an kawo mini katin kyamara uku na ɗaurin aure da walima. A kwamfutata na kwafe su kafin in gama shan shayi, amma da zan ce sai na ɗora su a intanet, da datar wata guda ta tafi, kuma da an ɗauke wuta a tsakiya sai in sake daga farko. Na san a Ingila da Amurka wannan ba damuwa ba ce sosai, kuma na san inda irin wannan manhaja ke da daɗi shi ne idan mutum biyu ko uku a garuruwa dabam-dabam suna aiki a kan bidiyo ɗaya. Sai dai ko a nan ɗin, Adobe da Blackmagic sun riga sun shigo da nasu tsarin aikin haɗin gwiwa. Ƙaramin kamfani zai yi gogayya ne da masu bayar da kaya kyauta da kuma masu aljihun da ba ya ƙarewa.

Maman Sadiƙ ta amsa:

Baban Hafsat, ni akanta ce, don haka ta ɓangaren lissafi zan shigo. Alhaji ya yi bayanin fasaha, Malam Edita ya yi bayanin masu saye, saura a duba takardun kamfanin. Dokar AIM ta wajabta wa kowane kamfani ya fitar da rahoton shekara cikin wata shida da rufe shekararsa, da rahoton rabin shekara cikin wata uku, kuma duka suna nan kyauta a shafin kamfanin. Idan ka buɗe na Blackbird za ka ga cewa, bayan fiye da shekara ashirin a kasuwa, kuɗin shigarsa na shekara bai kai fam miliyan 3 ba a rahotannin 2021 zuwa 2023, kuma asara yake bayyanawa. Wannan shi kaɗai bai isa a yanke masa hukunci ba, domin kamfanin fasaha kan kashe kuɗi kafin ya fara samu. Amma akwai lissafin da ya zama dole ka yi da kanka: ka ɗauki tsabar kuɗin da ke hannunsu, ka raba da abin da suke ƙonawa a shekara, za ka ga tsawon lokacin da za su iya tafiya ba tare da neman ƙari ba.

Idan kuɗin suka yi ƙasa, kamfanin da ba ya riba yakan buga sabbin hannayen jari ya sayar, galibi a ƙasa da farashin kasuwa, kuma sau da yawa manyan masu zuba jari ake fara yi wa tayi. Kai mai tsohon hannun jari kasonka a cikin kamfanin sai ya ragu ba tare da ka sayar da komai ba. Wannan ya taɓa samuna a wani ƙaramin kamfani da ba zan ambaci sunansa ba. Na tashi da safe na ga sanarwar da aka fitar ƙarfe bakwai, kafin in kai yara makaranta farashin ya faɗi zuwa inda aka sayar wa manyan, kuma da na je sayarwa sai na tarar tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa ta ƙara cin wani kaso. A ƙananan kamfanonin AIM wannan tazara kan yi faɗi saboda masu ciniki ba su da yawa.

Game da hujjar abokinka, ka lura cewa lokacin da Adobe ya sayi Frame.io, Frame.io ɗin yana da masu amfani fiye da miliyan ɗaya, kuma an yi cinikin ne a shekarar da kuɗin ruwa ke ƙasa, darajar kamfanonin fasaha kuma ke sama. Ko Avid, wanda manhajarsa ta daɗe tana riƙe da manyan ɗakunan tace fim, a 2023 aka saye shi a kan kusan dala biliyan 1.4, amma yana da cinikin ɗaruruwan miliyoyin daloli a shekara. Masu sayen kamfani, yawan abokan cinikinsa da kuɗin shigarsa suke biya wa kuɗi. Saboda haka a batun elevate.io kada adadin waɗanda suka yi rajista ya ɗauke maka hankali. Ka nemi adadin waɗanda ke biya, da nawa kowannensu ke biya, da nawa aka kashe a talla kafin a samo shi, da ko yana zama bayan wata uku.

Alhaji na Lesta ya sake amsawa:

Hajiya, maganarki gaskiya ce, kuma ni ma abin da na zuba a ciki ƙaramin kaso ne na ajiyata, wanda idan ya tafi ba zai taɓa kuɗin gida ba. Inda na ɗan saɓa da Malam Edita shi ne, mai fasaha tasa ta kansa yana iya ba wa manyan haya maimakon ya yi gogayya da su, kamar yadda aka yi da EVS. Amma na yarda har yanzu irin wannan yarjejeniya ba ta yi yawan da za ta rufe asarar ba.

Baban Hafsat ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na sauke rahoton shekara na ƙarshe, kuma daren nan bayan na taso daga aiki zan yi lissafin da Hajiya ta nuna. Zan kuma buɗe asusun kyauta a elevate.io in gwada haɗa bidiyon sunan ɗan ƙanena da kaina, in ga ko abu ne da zan yarda in biya masa kuɗi duk wata. Ba zan sayi komai ba sai rahoto na gaba ya fito na ga adadin masu biya. Hajiya, idan na maƙale a shafin shigar tsabar kuɗi da fitarsu, zan dawo in tambaye ki.